Yadda muka sha fama kafin mu samo fandeshan da ya hau fatar wata amarya zabiya a Kano

Farkon Oktoba: ranar da ta zo

Shekara bakwai kenan ina yi wa amare kwalliya a Kano, kuma kafin zuwan yarinyar nan da za a tambaye ni sai in bugi ƙirji in ce babu kalar fatar da ba ta cikin akwatina. Ranar wata Talata ta shigo shago ita da yayarta, dogon hijabi, baƙin gilashi, ga lema a hannu alhali ba ruwa ake ba. Zabiya ce, shekararta 24, an sa bikinta tsakiyar Disamba, wato saura kamar sati goma.

Ko zama ba ta gama yi ba ta ce "Anti ni dai roƙona ɗaya, kar ki mayar da ni ruwan ɗorawa." Ta miƙo min waya ta nuna min hotonta na bikin yayar tata da aka yi shekara biyu baya, wlh sai da na ji kunya a madadin wadda ta yi aikin duk da ban santa ba, fuskar rawaya ce shar kamar an shafa mata kwaiduwar ƙwai, wuyan kuma ruwan hoda, ga layi nan a haɓa ya raba su kamar an ɗora mata wata fuskar a kan tata. Tun daga ranar ba ta sake yarda kowa ya sa mata fandeshan ba, wato man kwalliyar nan mai kalar fata da ake fara shafawa a fuska, hoda kawai take ɗan shafawa.

Ga wanda bai sani ba, kalar fatar mutum haɗin abubuwa ne, babba a ciki shi ne melanin mai sa duhu, sai jan jinin da ke gudana a ƙarƙashi, sai ɗan rawaya na fatar kanta. Mu da muke da melanin da yawa shi yake rufe sauran. Zabiya kuwa jikinta baya yinsa ko kuma kaɗan yake yi, to jinin sai ya leƙo, shi ya sa fatar take fara mai ruwan hoda. Masu kwalliya muna kiran wannan andaton, wato launin da ke kwance a ƙasan fata wanda ba shi ne haske ko duhunta ba. Nata andaton ɗin mai sanyi ne, na ruwan hoda. Abin dariya ma mu Hausawa da hoda muka raɗa wa kalar suna, amma ki nemi hoda mai ruwan hoda a kasuwar yanzu ki gani.

Sati na farko: abin da ke cikin akwatina

Na ce ta dawo da safe ƙarfe tara ba komai a fuska sai man kariyar ranarta, tana amfani da mai SPF 50, wato mai ƙarfin kariya, kuma na gaya mata tun farko wannan ba za mu taɓa shi ba, duk abin da za mu yi a kansa za mu ɗora. Fitilar zoben nan da nake aiki da ita kashe ta na yi saboda ina kunnawa idonta ya fara ruwa, hasken yana damunta sosai, sai muka koma bakin taga inda haske yake shigowa amma rana bata dukanta.

Na ɗauko mafi haske guda uku da nake da su, waɗanda nake yi wa fararen Fulani da Shuwa da Buzaye da kuma masu shafe-shafen mai. Na ja layi uku daga kumatu zuwa wuya muka jira minti ashirin. Na farko rawaya ƙarara. Na biyu ya yi mata duhu sosai. Na uku da farko kamar zai yi, har yayar ta fara cewa ai ga shi nan, kafin minti ashirin ɗin su cika ya juye ya koma ruwan goro, irin fandeshan ɗin nan ne da yake ƙara duhu idan ya bushe ya haɗu da maiƙon fata da iska.

Kusan duk fandeshan da kika gani kalarsa daga abu huɗu take, farin titaniyom da kuma garin tsatsar ƙarfe kala uku, rawaya da ja da baƙi. Bambancin kwalba da kwalba shi ne yawan kowanne. Su kuma 'yan kasuwarmu abin da zai fita suke sarowa, mafi yawan masu saye baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, fararenmu ma yawanci rawaya ne a ƙasa, to ko mafi hasken da za ki samu rawayan ne ya rinjaya a ciki.

Sati na biyu da na uku: kasuwa, da harafin da ya ruɗe mu

Muka shiga Sabon Gari layin 'yan kayan kwalliya. Shago shida muka leƙa, kusan kowa amsa ɗaya, "Hajiya wannan shi ne na Turawa, babu wanda ya fi shi haske." Wani ya shafa mata a bayan hannu ƙarƙashin ƙwan fitila mai jan haske ya ce kin gani ya ɓace, muna fitowa waje muka ga tabo rawaya zaune a hannun. Bayan hannu ma ba wurin gwaji bane, ya fi fuska shan rana da wanki. Ba mu sayi komai ba ranar, ita kuma ta koma gida fuska jawur saboda yawon da muka yi.

Daga nan yayar ta ce bari ta yi oda daga Legas, ta karanta cewa mai ruwan hoda harafin C take nema tunda shi ne na masu sanyi, sai ta sayo na kamfanin MAC lamba NC15 ba ta tambaye ni ba. Da ya iso na ga kwalbar na dafe kai. A wajen MAC lissafin a juye yake da na saura, NC nasu na masu rawaya ne ko ruwan zinare, NW shi ne mai ruwan hoda. Kayan lafiyarsa ƙalau, mu ne muka karanta harafin da ma'anar wani kamfanin. A L'Oréal True Match da Estée Lauder Double Wear kuwa C ɗin mai sanyi ne da gaske, N tsaka-tsaki, W mai ɗumi wato rawaya, kwalaben True Match na Turai ma sukan rubuta R tare da C, D tare da W. Kwalbar dai ta zauna a akwatina, na biya su kuɗinta, ta yi wa wata 'yar Maiduguri daidai daga baya.

Na yi musu zancen Fenty Beauty, wanda mawaƙiya Rihanna ta fito da shi a 2017 da kala 40 lokaci guda, akwai lamba 110 a ciki na fara sosai mai ruwan hoda, kuma tun watan Mayun 2022 ana sayar da shi a Najeriya a hukumance. Amma kuɗinsa ba wasa ba, gashi sun riga sun yi asara sau ɗaya, amarya ta ce ita ba za ta sake sayen kwalbar da ba a gwada a wuyanta ba. Ban ga laifinta ba.

Ƙarshen Oktoba: na ce bari in haɗa da kaina

Ina da kalolin sirki na L.A. Girl, fari da shuɗi da rawaya da ruwan lemo, waɗanda ake ɗigawa a fandeshan a gyara shi. Na ɗauki na farkon nan mai rawaya ɗigo huɗu na sa fari ɗigo biyu, hasken ya zo kusa amma rawayan na nan. Sai na sa shuɗi ɗan mitsitsi a bakin tsinken sakace wai ya kashe rawayan.

Kai, abin da ya fito kamar kunun kanwa da ya kwana. Ashe na manta karatun firamare, shuɗi ruwan lemo yake kashewa, idan ya haɗu da rawaya kore suke haifarwa. A kan farar fata mai ruwan hoda kuwa koren nan ya fito toka-toka, yayar ta kalle ta ta ce "ke kamar wadda aka sallamo daga asibiti." Na sake wani ba shuɗi, na ƙara fari na ɗan goga jan baki ruwan hoda a ciki, kalar ta ɗan yi kusa a kan faranti amma a fuska ya zama kamar alli, farin ya yi yawa ya kashe fatar, kuma maiƙon jan bakin ya hana shi kamawa, kafin awa biyu ya tattaru a gefen hanci.

A zaman nan ne na lura da wani ɗan wuri mai kaushi a saman kunnenta kamar ɓawo, ta ce ya fi wata uku baya tafiya. Na ce wannan ba na mai kwalliya bane, ta je ta ga likitan fata, don zabaya rana tana yi musu illar da ta wuce ƙuna. Ta je, an duba an ba ta magani.

Farkon Nuwamba: mai ruwan hodan ya iso, shi ma bai yi ba

Wata 'yar kawunsu da ke karatu a Ingila za ta zo, na rubuta musu lamba biyu na True Match ta taho da su, 1R/1C mai ruwan hoda da 1N na tsaka-tsaki, na biyun na sa ne kawai saboda ko ta kwana. Gsky na sa rai sosai da na farkon. Na shafa mata shi a duka fuska da jiƙaƙƙen soso, layin haɓa ya ragu ƙwarai, rawaya babu, amma da ta tashi tsaye na ja baya na kalle ta sai na ga kamar wadda ta sha kuka ko ta fito daga gaban murhu. Fuskar ta fi wuya ja nesa ba kusa ba.

Na zauna shiru ina kallonta, sai na ce "ƙanwata ɗan sassauta hijabin in ga ƙirjinki." Ta zame shi zuwa kafaɗa. Fatar ƙasan ƙashin wuya inda rana bata taɓa gani ba fara ce tas mai ɗan ruwan hoda kaɗan, sanyi-sanyi kamar cikin ƙwaryar da aka wanke, ga jijiyoyi shuɗaye suna nunawa. Kumatu da karan hanci da goshi kuwa ja ne sosai har da ɗan ɓawo. Na tambaye ta ina take zuwa kwanakin nan, ta fara lissafi, Kwari sayen atamfa da leshi, wajen tela sau uku, rabon kati, duk a adaidaita sahu da tsakar rana, man kariyar kuma sau ɗaya take shafawa da safe shikenan har dare.

Wato sati biyar muna gwada kala a kan ƙunar rana. Muka yi yarjejeniya, kwana goma ba fita tsakanin goma na safe da huɗu na yamma, in ya zama dole ta sake shafa man duk bayan awa biyu, yayar ta karɓi zirga-zirgar tela, sabulu mai ƙarfi da goge fuska da soso duk a ajiye.

Tsakiyar Nuwamba: haɗin da ya zauna

Da ta dawo jan ya ragu sosai, ya rage a tsinin kumatu da gefen hanci kawai. Wannan karon layukan gwaji daga haɓa na ja su har ƙasan wuya, kuma da ƙirji nake kwatantawa. 1R/1C shi kaɗai har yanzu ya ɗan fi ta ja. 1N shi kaɗai ya ɗan yi fari-rawaya kamar madara. Na haɗa ɗigo biyu na farkon da ɗigo ɗaya na biyun, na taɓa farin sirki rabin ɗigo saboda dukansu sun ɗan fi ƙirjinta duhu. Minti ashirin, yayar ta zo da fuskarta dab da wuyan tana neman inda na shafa bata gani ba.

Ita amaryar sai da na ɗauki hoto na zuƙo mata shi ta kawo wayar kusa da ido sannan ta iya gani, madubi daga nesa baya yi mata amfani. Hoton waya ma ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, wayoyin nan namu irin su Tecno an saita kamararsu ne ta fito da baƙar fata da kyau, kuma kowace waya tana gyara kala da kanta, don haka ido a hasken taga shi ne alƙali.

Inda jan ya rage na sa koren konsila, wato abin rufe tabo, siriri sosai, a wurin kawai, na bari ya kama sannan fandeshan a kai. Kore yana kashe ja, amma idan ya yi yawa toka zai dawo.

Sai hoda ta kawo nata rikicin. Hannuna ya saba, na kai hodar banana mai rawayan nan ƙasan idonta ɗaya, nan take rawayan da muka yi wata ɗaya da rabi muna gudu ya dawo. Na goge na sa farar hoda marar kala irin mai laushin nan, a ido lafiya lau, ina ɗauka da filasha ƙasan idon ya yi fari fat kamar an watsa mata garin rogo, sinadarin silika da ke ciki ne yake mayar da haske. Daga ƙarshe matsattsiyar hoda mai haske mai ɗan ruwan hoda na samu, na danna kaɗan a goshi da hanci da haɓa, sauran fuskar na bar ta haka. Ta wuni da shi awa shida a gida tana turo min hoto, bai juye ba. Na rubuta awon a takarda na manna a jikin kwalbar.

Gira ma ban sa baƙar jagira ba, ruwan ƙasa mai haske na sa tunda gashinta ruwan zuma ne.

Saura kwana shida: kurkum

Daren wata Asabar yayar ta kira ni murya na rawa, "Anti an ɓata mana aiki." Ashe gwaggonsu ta zo daga Maiduguri da mai gyaran jiki, an yi mata dilka da haɗin kurkum kwana biyu a jere, an kuma yi halawa a hannu da ƙafa. Kurkum a jikin baƙar mace ɗan sheƙi yake bari mai kyau, shi ya sa ake sonsa. A jikin wannan kuwa rini ne. Da safe na je gidan, wuya da ƙirji da hannaye rawaya kamar an tsoma ta a ruwan ɗorawa, inda aka yi halawa kuma ja ya tashi ruɗu-ruɗu. Allah ya taimaka ta hana a taɓa fuskar.

Gwaggo na zaune a kan darduma ta ce "yo amarya ba gyara? Mu haka aka yi mana." Na durƙusa na gaishe ta na ce "Gwaggo ku yi haƙuri, gyara kam an yi kuma ya yi kyau, sai dai ita fatarta bata ɗaukar kurkum, a bar ta haka ta huta, turaren wuta da humra duk a ci gaba." Ta ɗan yi jim ta ce to ai ku ne 'yan zamani. Haka aka tsaya.

Ban bari a dirje ba, don dirza zai kawo ja a kan rawaya. Man zaitun ake shafawa a bar shi minti goma a share da tsumma mai laushi a wanke da ruwan ɗumi, safe da dare. Rinin a saman fata yake, yana bin mai yana kuma fita da kansa a hankali.

Kwanakin biki

Ranar kamu saura ɗan rawaya a wuya, don haka na canza awon ya koma ɗaya da ɗaya, na kuma sauko da shi siriri har wuya da saman ƙirji don su haɗu. Ba zan ce ya yi kamar na Nuwamba ba, wanda ya sani zai ga ta ɗan fi ɗumi, amma layi babu. Hunturu kuma ya sauka sosai satin, fatar ta bushe, sai da na ƙara mai na jira minti goma sha biyar kafin in fara, hodar ma na rage ta.

Ranar dina, bayan kwana biyu, rawayan ya tafi kusan duka na koma biyu da ɗaya da rabin ɗigon fari. Na roƙi mai hoto ya rage filasha a fuskarta ya yarda. Na fara ƙarfe huɗu, ta dawo gida sha ɗaya da rabi, sau ɗaya aka danna mata tishu a hanci. Hotunan da suka fito fuska da wuya da hannun da ke riƙe da fulawa duk kala ɗaya.

Abin da na gani bayan an gama

Gwajin farko da na kasuwa sun faɗi ne saboda kayan ba nata bane tun asali, rawaya ya rinjaya a cikinsu, kuma kwalbar da aka gina kan rawaya sirki baya mayar da ita mai sanyi, fari yana ƙara haske ne kawai shuɗi kuma kore yake kawowa. Kuskuren NC namu ne, kowane kamfani da yadda yake karanta harafinsa, gara a duba bayanin kalar da a dogara da harafi.

Wanda ya fi cin mana lokaci kuma laifina ne, na ɗauki duk jan da na gani a fuskarta a matsayin kalarta. Kashi biyu ne, akwai ruwan hodan da aka halicce ta da shi wanda yake ko'ina har inda rana bata kaiwa, akwai kuma jan rana da zafi da ke zuwa ya tafi. Na farko ake nema wa fandeshan, na biyu kore ake ɗan sa masa ko a bar shi ya warke. Da na duba ƙirjinta tun ranar farko da mun rage sati huɗu. Kuma da a kan ƙonanniyar fuskar na tsayar da kala, da mai ruwan hoda zalla zan ɗauka ta fito jawur a hoto. A ganina yawancin masu irin fatar nan, zabaya ne ko farare masu saurin ja, sun fi dacewa da mai sanyi da aka sassauta da tsaka-tsaki akan mai ruwan hoda tsantsa.

Kurkum kuwa ni ya kamata in yi maganarsa tun Oktoba, na san za a yi gyaran jiki, ban dai kawo a raina ba. Yanzu duk amarya fara da ta zo ina tambayarta wa zai yi mata gyara kuma da me, kafin in buɗe akwati.

Ta dawo a watan Afrilu za ta je sunan wata ƙawarta, ana tsakiyar zafi, kumatun sun sake yin ja. Na duba ƙasan wuya yana nan yadda na san shi, na bi awon da ke manne a kwalbar ban canza komai ba, koren kawai na ɗan ƙara.